Filin Tambaya da Amsa: Manhajojin Lissafin Tafiyar Haske a Iska, da Wahalar Aiki da Su a Ƙasar Hazo

Wasiƙun wannan watan sun karkata wuri guda, kuma ina jin hunturu ne ya jawo haka, domin tun da hazo ya sauka har mutum ba ya hango kukar bakin kasuwa daga ƙofar gidansa, tambayoyi kan haske da ƙura suka yawaita. Na ware biyar da suka shafi manhajojin da masu bincike ke lissafin tafiyar hasken rana a cikin iska da su, da irin wuyar da ake sha kafin a iya sarrafa su. Na taƙaita wasiƙun da suka yi tsawo, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandaren je-ka-ka-dawo a ƙauye kusa da Ringim. Ƙanena da ke jami'a ya zo hutu, kullum yana gaban kwamfuta, ya ce yana lissafin yadda haske ke ratsa iska. Ya yi mini bayani amma ban gamsu ba. Mene ne wannan lissafi, kuma me ya sa sai da manhaja ake yin sa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ƙanenka ke yi yana da tushe a cikin darasin da kake koyarwa. Hasken rana yana isowa saman iskar da ta lulluɓe duniya da ƙarfin kimanin wat 1,361 a kan kowane murabba'in mita da ke fuskantar rana, amma ba duka ne ke sauka a gona ba. A kan hanya iskoki suna shanye wani ɓangare, musamman tururin ruwa da ozon da iskar kabon. Wani ɓangaren yana karo da ƙwayoyin iska da ƙura da hayaƙi da ɗigon ruwan girgije, ya warwatsu ta kowace fuska. Abin da ya tsira ya isa ƙasa, ita kuma ta riƙe nata rabon ta mayar da saura sama, inda zai sake shiga irin wannan karo kafin ya kai ga idon tauraron ɗan'adam. Bin diddigin wannan tafiya, launi bayan launi, daga saman iska har ƙasa da dawowa, shi ne aikin.

A 1871 masanin Ingila da aka fi sani da Lord Rayleigh ya nuna cewa ƙwayoyi ƙanana ƙwarai sun fi warwatsa shuɗin haske a kan ja, nesa ba kusa ba, kuma shi ya sa sama ke yin shuɗi idan an ɗauke ruwa a watan Agusta. Ƙwayar ƙura kuwa babba ce, tana warwatsa launuka kusan daidai wa daida, mafi yawa kuma gaba take tura su, kuma Gustav Mie na Jamus ne ya fitar da lissafin irin waɗannan ƙwayoyi a 1908. Wannan ne ya sa a hunturu sama ke komawa fari-fari, inuwar mutum ta dushe ko da tsakar rana.

Da a ce sau ɗaya haske ke karo ya wuce, da alli da allo sun wadatar. Amma yana karo sau da yawa, abin da wannan hawa na iska ya warwatsa ya shiga hawa na gaba ya sake warwatsuwa, ga kuma layuka, wato siraran guraben launi da iskoki ke shanye haske a kansu, waɗanda aka tattara a kundin HITRAN tun daga 1973, sun kai miliyoyi. Chandrasekhar, masanin taurari ɗan asalin Indiya, ya shimfiɗa hanyar warware wannan lissafi a 1950, sannan a 1988 Knut Stamnes da abokan aikinsa suka fitar da manhajar DISORT a harshen kwamfuta na Fortran bisa wannan hanya, wadda har yau ita ce injin da ke cikin manhajoji da yawa. Idan kana so ɗalibanka su gani da idonsu, ka cika kwalba mai haske da ruwa, ka ɗiga mata madara kaɗan, ka haska ta da tocila a ɗaki mai duhu. Daga gefe za su ga ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, idan kuma suka kalli tocilar ta cikin ruwan za su gan ta ta yi ja-ja kamar rana dab da magariba.

TAMBAYA: Malam, ina digiri na biyu, kuma bincikena kan gonakin alkama da tumatir na rani ne a yankin Kadawa da Kura. Ina amfani da hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, kuma malamin da ke duba aikina ya ce in cire tasirin iska da manhajar 6S. Mako uku na yi kafin ta yarda ta tashi a kwamfutata, da ta tashi kuma sai ta nuna wai gonar alkama tana mayar da haske ƙasa da sifiri. Laifina ne, ko na manhajar?

AMSA: Ɗana, ka kwantar da hankalinka, domin ba kai kaɗai ba ne, kuma ba ƙarancin basira ne ya jawo maka ba. Manhajar 6S ta samo asali ne daga wata da ta gabace ta mai suna 5S, wadda masana a birnin Lille na Faransa suka yi, kuma Eric Vermote da abokansa suka bayyana ta a 1997. Lissafinta amintacce ne, da ita ake gyara hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat 8 da 9 da duniya ke amfani da su. Sai dai waɗanda suka rubuta ta don kansu da abokan sana'arsu suka rubuta, shi ya sa fayil ɗin da ake ba ta umarni da shi jerin lambobi ne zalla, layi bayan layi, ba tare da suna a gefen kowace lamba ba. Idan ka tsallake layi ɗaya, sai ta ɗauki lambar da ta biyo baya a matsayin amsar tambayar da ka tsallake, kuma sau da yawa ba za ta ce maka uffan ba.

Ga wasu ramuka da na sha ganin an faɗa. Ita 6S da maikromita take auna tsawon zangon haske, wato abin da ke bambanta launi da launi, alhali wata manhajar irinta mai suna libRadtran da nanomita take aunawa, don haka koren haske 0.55 ne a wancan, 550 a wannan. Tudun wurin da kake dubawa, da kilomita ake rubuta shi kuma da alamar ragi a gaba, wato ga yankinmu da ke kusan rabin kilomita sama da teku sai ka rubuta −0.5, idan kuma na'urar a kan tauraron ɗan'adam take sai ka rubuta −1000, wanda alama ce kawai, ba nisa ba. Idan kana so ka ba ta kaurin hazo kai tsaye, wato lambar da ke nuna yawan hasken da hazo ke tarewa, dole ka fara sa sifiri a gurbin nisan hange, sannan ta karɓi kaurin a layi na gaba. Bayanin da ke zuwa da hoton Landsat yana ba da tsayin rana daga doron ƙasa, ita kuwa manhajar karkatar rana daga tsakiyar sama take so, wato sai ka ɗebe wancan daga 90.

Sai maganar lokaci. Na taɓa zama da wani ɗalibi a gindin darbejiya kusa da shagon mai cajin waya, inda ya jona kwamfutarsa saboda kwana uku babu wuta a garinsu, muna bin lambobinsa ɗaya bayan ɗaya daga azahar har la'asar sakaliya. A ƙarshe muka gano cewa agogon Najeriya ya rubuta a gurbin da ke son agogon GMT. Sentinel-2 yana wucewa ta samanmu kusan ƙarfe goma na safe agogon GMT, wato kusan sha ɗaya agogonmu, kuma sa'a guda ɗin nan daidai take da juyawar duniya ta digiri 15. Bayan haka kuma ya rubuta 9.54 yana nufin tara da minti 54, alhali a lissafin da manhajar ke so 9.9 ne. Wata biyu na karatunsa suka tafi a kan wannan, kuma abin ya tsaya mini a rai, domin da manhajar ta faɗa masa a fili inda take zaton rana take, da a minti ɗaya ya gane.

Game da lambobin da ke ƙasa da sifiri, ma'anarsu ita ce an cire fiye da abin da iska ta ƙara. Ka fara duba wannan: tun daga 25 ga Janairun 2022 ana ƙara 1000 a kan lambobin hotunan Sentinel-2, kuma ana so a ɗebe ta kafin a raba da 10,000. Wasu rumbunan hotuna sun riga sun ɗebe, idan kuwa ka sake ɗebewa, jan haske da shuɗi na gonar alkama, waɗanda dama kaɗan ne, dole su faɗa ƙasa da sifiri. Idan ba nan matsalar take ba, to ka duba kaurin hazon da ka ba ta da nau'in ƙurar da ka zaɓa.

Shawarata ita ce ka daina rubuta fayil ɗin da hannu. Robin Wilson, a lokacin yana Jami'ar Southampton a Ingila, ya bayyana wata manhaja mai suna Py6S a 2013, wadda ke lulluɓe 6S da harshen Python. Ba ta canza lissafin ba ko kaɗan, sai dai kowace lamba ta samu suna, tana iya maimaita aikin a kan launuka da yawa a tashi ɗaya, kuma tana iya karanta ma'aunin hazo na tashoshin AERONET da hukumar NASA ke jagoranta. Ta hanyar conda, wata manhajar girka manhajoji, ana girka ta tare da 6S ɗin da aka riga aka harhaɗa, wanda zai raba ka da wahalar mako ukun nan.

Za ka ji wasu na cewa me ya kai ka, tun da akwai hotunan Sentinel-2 da aka riga aka gyara da manhajar Sen2Cor. Gaskiya ne akwai, kuma a damina suna da kyau. Amma jadawalin lissafinta nau'in hazo biyu ya sani, na karkara da na teku, kuma tana ƙiyasta kaurin hazo ne ta duban duhun ciyayi masu kauri a cikin hoto. Idan ba ta samu ba, wanda shi ne halin ƙasarmu a rani, tsohon zubinta yakan ɗauka cewa ana hangen nisan kilomita 40. Daga baya an ƙara mata hanyar ɗauko hasashen hazo daga shirin Copernicus na Turai, amma ka tuna cewa a wasu ranakun hunturu nisan hange ba ya kai kilomita ɗaya, har jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Malaminka yana da hujja. Idan ka gama gyaran, ka gwada shi a kan ruwan madatsar Tiga, wanda ya kamata ya fito kusan baƙi a zangon hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, da kuma kan wani falalen dutse na wajen Rano, wanda ya kamata lambarsa ta zo kusan ɗaya a ranar hazo da ranar da gari ya waye tas.

TAMBAYA: Malam, sana'ata haɗa famfon sola na ban ruwa a fadamun Auyo da Hadeja. Da hunturu manoma kan yi kukan ruwa ya ragu, suna zargin kayan da na sa musu. Ko irin wannan manhaja za ta faɗa mini abin da hazo ke ragewa?

AMSA: Alhaji, za ta iya, amma ba sai ka je can ba. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faifan sola an auna shi ne da haske mai wat 1,000 a murabba'in mita, da zafin digiri 25, kuma irin hasken da ake gwajin da shi an lissafo shi ne da manhajar SMARTS ta Christian Gueymard, bisa sama mai kaurin hazo 0.084 kacal. A ƙasarmu da hunturu kaurin yakan wuce 1, wani lokaci ya haura 2. Idan rana na tsakiyar ka, kauri 0.2 yana barin kusan kashi 82 cikin 100 na hasken da ke zuwa kai tsaye, kauri 1 ya bar kashi 37, kauri 2 ya bar kashi 14. Kada waɗannan lambobi su firgita ka, domin mafi yawan hasken da ƙura ta karkatar yana saukowa ta gefe, kuma faifan yana cin sa, don haka ragin wutar bai kai haka ba. Don ƙiyasin wata-wata, shafin PVGIS na Tarayyar Turai kyauta ne, ya haɗa da Afirka, kuma wuri kawai za ka nuna masa. Abin da ba zai gani ba shi ne ƙurar da ta kwanta a kan gilashin. Ka kai manomin gaban faifan, ku duba ƙarfin ruwan, ku wanke gilashin da sassafe kafin ya yi zafi, ku sake dubawa washegari a daidai wannan lokaci. Gani ya kori ji.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da ilimin kwamfuta, kuma a Kafin Hausa nake zaune. Ina ganin yadda abokan aikina na fannin ƙasa da noma ke fama da waɗannan manhajoji, kuma ina so ni da ɗalibaina mu gina wani abu da zai sauƙaƙa musu. Daga ina ya kamata mu fara?

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri, wannan ita ce wasiƙar da na daɗe ina jira. Kafin ku rubuta layi ɗaya, ki nemi mutum huɗu ko biyar daga cikin abokan aikin nan, ki zauna a gefensu suna aiki, ki riƙe bakinki, ki rubuta duk inda suka tsaya suna sosa kai. Masu gina manhaja sukan zaci maɓallai masu kyau ne ake buƙata, amma ina kyautata zaton abin da za ki gani shi ne mutum ya maƙale tun a wajen girkawa, ko a wajen gane ma'aunin da ake nufi.

Kada ku taɓa injin lissafin. An shafe shekaru ana gwada 6S da DISORT da ma'aunai na zahiri, kuma libRadtran, wadda Bernhard Mayer da Arve Kylling suka bayyana a 2005, kyauta ce kuma lasisinta ya ba da damar a gina a kanta. MODTRAN, wadda ta taso daga binciken rundunar sojin saman Amurka, tana da kyau, amma lasisinta na kuɗi ne, kuma bai dace a ɗora aikin ɗalibanmu a kan abin da ba za su iya saya ba. Aikinku shi ne riga, kamar yadda Py6S ta yi, sai dai a ɗinka ta daidai jikinmu.

Abin da nake nufi da jikinmu shi ne, da farko, manhajar ta shiga filash guda, ta girku a kan Windows ba tare da intanet ba, domin wanda ke Jahun ko Miga ba zai iya ƙona data yana sauke abubuwa goma da kowanne ke dogara da wani ba. Ita 6S ƙarama ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukar ta. Idan aikin na maimaitawa ne sau dubbai, ta riƙa adana abin da ta gama, ta yadda in batir ya mutu za a ɗora daga inda aka tsaya. Kowane gurbi ya faɗi ma'auninsa, ya ƙi karɓar abin da ba zai yiwu ba, kuma kafin a fara lissafi manhajar ta maimaita wa mutum abin da ta fahimta da kalmomi, misali ta ce a wannan rana da wannan lokaci rana tana kudu maso gabas, digiri kaza sama da doron ƙasa. Duk wanda ya tashi a karkara ya san inda rana take da hantsi a watan Disamba, kuma nan take zai ga kuskure.

Inda na fi so ki tsaya shi ne zaɓin da manhaja ke zuwa da shi daga gida. Yawancinsu suna ba da samfurin sama guda shida, na yankin zafi, na rani da na sanyin ƙasashen da ke tsakanin yankin zafi da can arewa, na rani da na sanyin can arewa, da na Amurka. Ɗalibinmu yana ganin na yankin zafi sai ya zaɓa, tun da a firamare aka gaya masa Najeriya a yankin zafi take. To amma wannan samfuri a cikin 6S yana ɗauke da tururin ruwa da ya kai giram 4.12 a kan murabba'in santimita, wanda ya yi kama da samanmu a tsakiyar damina. A watan Janairu kuwa, lokacin da leɓe da kaushi ke tsagewa, wanki ya bushe kafin a gama shanya na ƙarshe, tururin da ke samanmu sau da yawa ba ya kai rabin haka. Haka ma ƙura. Babban tushen hazonmu shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi garin ɓawon ƙananan halittun ruwa, kuma wannan ƙura ta fi jar ƙurar wasu sassan Sahara fari. Ga hayaƙin ƙona daji da na karan gona da ke gaurayuwa da ita a watannin sanyi, shi kuma yana shanye haske sosai. Kayan aro ba ya rufe katara. Manhajar da ta zaɓar wa mutum sama a ɓoye don ta rage masa tambaya ta cuce shi, ko da kuwa ya ji daɗin saurinta. Abin da nake so shi ne ta tambaye shi wata da wuri, ta kawo masa shawarar da ta dace da damina ko hunturu ko bazara, ta faɗa masa inda ta samo, sannan ta jira amincewarsa.

Ku sa ta kuma ta riƙa gudanar da lissafin sau uku, da kaurin hazon da aka bayar, da wanda ya ɗan fi shi, da wanda ya ɗan gaza, ta nuna yadda amsar ke motsi. Dalili shi ne ma'aunin da muke da shi daga nesa yake. Tashar AERONET ta Jami'ar Ilorin tana aiki tun 1998, amma tsakaninta da Kano ya fi kilomita 500, kuma tashoshin da aka kafa a Banizumbu da Damagaram da Maine Soroa duk a Nijar suke. Wanda ya ari lambar Ilorin ya ɗora wa Kura ya kamata ya san girman abin da ya ara. Akwai ƙananan na'urorin auna hazo na hannu, irin su Microtops da Calitoo, kuma da sashenku zai samu guda, wani ya riƙa aunawa kowace safiya a daidai lokacin wucewar tauraron, da wannan littafin ma'auni kaɗai ya zama dukiya.

Kowane sakamako ya fito tare da takardar da ta jera duk abin da aka ɗauka, har da zubin manhajar, domin mai duba aiki ya iya maimaitawa. Ku rubuta bayanin da Hausa, amma ku bar kalmomin umarni na asali yadda suke, saboda ɗalibi ya iya komawa ga littafin jagora ba tare da ruɗewa ba, kuma ku zauna da malaman Hausa da na kimiyyar fiziks ku daidaita kalmomi tun da wuri. Abu na ƙarshe da zan roƙe ki shi ne kada aikin ya mutu ranar da ɗaliban suka karɓi shaidar kammalawa. Ku ajiye shi a fili inda kowa zai iya ɗauka ya gyara, kuma kowace shekara a damƙa shi ga sababbin ɗalibai tare da jerin abin da ya rage.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon malamin jami'a ne, na yi ritaya na koma gida Birnin Kudu. Mu da katin huda muka koyi kwamfuta, kuma wuyar ce ta sa muka san abin da muke yi. Ina tsoron wannan sauƙi da ake ta nema zai fitar mana da masu danna maɓalli da ba su san me ke ciki ba.

AMSA: Ranka ya daɗe, tsoronka yana kan hanya, kuma na ga irin ɗaliban da kake nufi, waɗanda ke kawo taswira mai launi ba tare da sun san kaurin hazon da aka yi ta da shi ba. Inda na ɗan saɓa maka, cikin girmamawa, shi ne wuya iri biyu ce. Wanda ya kwana yana tunanin ko ƙurar da ke samansa tana shanye shuɗin haske fiye da yadda ya zata, ya ƙaru. Wanda ya yi mako uku yana kokawa da na'urar harhaɗa Fortran, ko ya rasa wata biyu saboda alamar ragi a gaban tudun ƙasa, bai koyi komai game da haske ba, kuma wasu daga nan suke barin fannin gaba ɗaya. Ku a zamaninku akwai ma'aikacin ɗakin kwamfuta da za a tambaya. Ɗalibin da ke ƙauye yau shi da allonsa ne kawai.

Maganin abin da kake tsoro yana hannun malamai irinka, kuma ga gwajin da nake ba duk wanda ya zo wurina kafin in bar shi ya taɓa hoton tauraron ɗan'adam. Ya ɗauki tsakar ranar 21 ga Disamba a Kano, lokacin da rana ke karkace digiri 35 da ɗan ɗoriya daga tsakiyar sama, wanda ke ninka tsawon hanyar haske sau 1.23. Ya ɗauki kaurin hazo 1 a kan koren haske, ya lissafa da biro da takarda, zai samu kusan kashi 29 cikin 100 na hasken kai tsaye ne ke isowa ƙasa. Sannan ya ba manhajar wannan yanayi, za ta ba shi kimanin kashi 25. Sai in tambaye shi ina kashi huɗun suka tafi. Idan ya iya cewa ƙwayoyin iskar kanta sun warwatsa mafi yawa, ozon kuma ya shanye saura, sai in ce ya buɗe hoton. Idan ya kasa, sai mu koma kan allo, kuma zan yi farin ciki idan ka yarda in riƙa turo maka irinsu Birnin Kudu ranar kasuwa.